Guzuri da tsawon zama: tarihin kumbon kaya maras matuƙi, daga Saliyut 6 zuwa Tashar Ƙasa da Ƙasa

Taƙaitawa

Wannan takarda tana bin tarihin kumbunan da ke kai abinci, ruwa, iska da mai ga tashoshin da ke kewaya duniya, ba tare da mutum a cikinsu ba. Mun faro daga tashoshin farko na shekarun 1971 zuwa 1977, waɗanda ba su da hanyar samun sabon guzuri, muka biyo ta kan kumbon Progress na Tarayyar Sobiyet, har zuwa kumbunan Turai, Japan, Sin da na kamfanonin Amurka. Abin da muke son mu nuna shi ne, tsawon ran tasha da tsawon zaman mutane a cikinta sun rataya ne a kan hanyar guzuri, ita kuwa hanyar guzuri ta rataya a kan kuɗi da siyasar ƙasashen da suka ɗauki nauyinta.

Gabatarwa

Idan ana ba da tarihin tafiya sararin samaniya, sunayen mutane ake jerawa: Yuri Gagarin da ya fara kewaya duniya a 1961, Neil Armstrong da ya taka wata a 1969, ko kuwa likita Valeri Polyakov da ya kwana 437 a tashar Mir, daga Janairu 1994 zuwa Maris 1995. Ba kasafai ake tambayar abin da Polyakov ya ci, da abin da ya sha, da iskar da ya shaƙa a cikin waɗannan watanni 14 ba. Amsar ita ce, kumbuna 6 ne suka iske shi a can, ɗaya bayan ɗaya, babu kowa a cikinsu, kowane ɗauke da kaya fiye da tan 2. Su ne batun wannan takarda.

Kafin mu shiga bayani, ya kamata mu daidaita kalmomin da za mu yi aiki da su. Roka ita ce abin da ke ɗaga kaya daga doron ƙasa, aikinta kuwa yana ƙarewa cikin ƴan mintoci. Kumbo shi ne abin da rokar ta ɗaga, wanda ke ci gaba da tafiya da injinsa. Tasha ita ce ɗakin da ke kewaya duniya, wanda mutane ke zuwa su zauna su koma. Ƙofa kuwa, a nan, ita ce wurin da kumbo ke maƙalewa a jikin tasha har a buɗe murfi a wuce daga wannan zuwa wancan. Da kalmar guzuri muna nufin dukan abin da ake ci ya ƙare, tun daga abinci har zuwa man inji.

1. Abin da tasha ke ci

Tashoshin da za mu yi magana a kansu suna kewaya duniya ne a nisan kilomita 200 zuwa 400 da ƴan kai, da gudun kamar kilomita 28.000 a awa, suna gama zagaye ɗaya cikin minti 90 ko kusa da haka. A wannan nisa akwai sauran iska, ko da yake ƴar kaɗan ce ƙwarai. Gogayya da wannan iska tana rage wa tasha gudu kullum, tasha kuwa in gudunta ya ragu sai ta riƙa yin ƙasa. In ba a kunna inji an ɗaga ta lokaci zuwa lokaci ba, ƙarshenta faɗowa. Ke nan tasha tana cin mai ko da babu kowa a cikinta.

Mutum kuma yana da nasa ci. A kowace rana yana shaƙar iskar oksijin da ta kusa kilo 1, yana fitar da gurɓatacciyar iska da sai an tace ta, yana shan ruwa lita 2 zuwa 3, ban da abinci, tufafi da magani. Ga na'urori da ke lalacewa, ga shara da najasa da ke taruwa a wurin da ba a iya buɗe taga a zubar. Kumbon da ke kai mutane, wato Soyuz, cike yake da kujeru, garkuwar zafi da lemar sauka, abin da zai iya ɗauka na kaya bai taka kara ya karya ba. Wannan ita ce matsalar da masu gina tashoshin farko suka fuskanta.

2. Zamanin tafiya da guzuri (1971-1977)

Tashar farko a tarihi, Saliyut 1, Tarayyar Sobiyet ta harba ta ran 19 ga Afrilu 1971. Ƙofa ɗaya gare ta, kuma duk abin da za a ci an zuba shi ne tun tana ƙasa. Mutum 3 suka zauna a cikinta kwana 23 a watan Yuni, wato Georgi Dobrovolski, Vladislav Volkov da Viktor Patsayev, waɗanda suka rasu a hanyar dawowa sa'ad da iskar kumbonsu ta tsiyaye. Babu wanda ya sake shiga tashar, aka sauko da ita a watan Oktoba na wannan shekara. Tashoshin da suka biyo baya duka a kan wannan tsari aka gina su. Zama mafi tsawo da aka yi a cikinsu shi ne na kwana 63 a Saliyut 4, cikin 1975. Saliyut 5 kuwa an sauko da ita a watan Agusta 1977 bayan manta ya yi ƙasa.

Amurka ta bi wata hanya, ta gina tasha babba ƙwarai ta cika ta da guzuri tun daga farko. Skylab, wadda aka harba ran 14 ga Mayu 1973, ta karɓi ƙungiyoyi 3 na mutum uku-uku, suka yi kwana 28, da 59, da 84. Ƙungiya ta ƙarshe ta fita a watan Fabrairu 1974. Skylab ba ta da injin da za ta ɗaga kanta, hukumar NASA kuwa ta dogara ne ga sabon kumbonta mai fukafukai, wanda ake kira Shuttle, cewa zai je ya ɗaga ta. Aikin kumbon ya yi jinkiri, bai tashi ba sai a watan Afrilu 1981. A halin nan zafin rana ya ƙaru, iskar sama ta kumbura, gogayya ta yi yawa. Ran 11 ga Yuli 1979 Skylab ta faɗo, ɓaraguzanta suka warwatsu a tekun Indiya da yammacin Ostareliya. Tasha mai nauyin tan 70 da wani abu, wadda mutane suka zauna a cikinta kwana 171 kawai, ta salwanta don rashin wanda zai kai mata agaji.

Sai dai tun kafin wannan lokaci injiniyoyin Sobiyet sun riga sun mallaki wata dabara. Ran 30 ga Oktoba 1967 kumbuna 2 marasa matuƙi, Kosmos 186 da Kosmos 188, sun nemi juna a sama sun haɗe ta hanyar wata na'urar rada mai suna Igla. A watan Nuwamba 1975 kuma an tura Soyuz 20 babu kowa a ciki, ya maƙale a Saliyut 4 har kusan wata 3. Abin da ya rage shi ne tasha mai ƙofa ta biyu, domin muddin ƙofa ɗaya ce, kumbon da ya kawo mutane shi ke tsare ta har ranar komawarsu.

3. Ƙofa ta biyu da kumbon Progress (1977-1985)

An harba Saliyut 6 ran 29 ga Satumba 1977, da ƙofa a gaba da ƙofa a baya. A jikin ta bayan aka sa bututan da mai zai bi ya shiga tankunan tasha. Kumbon da aka yi domin wannan ƙofa, ma'aikatar Energiya ce ta ƙera shi, kuma ba sabon abu ta ƙago ba: Soyuz ta ɗauka ta cire masa duk abin da aka sa domin mutum. Aka fitar da kujeru, da garkuwar zafi, da lema, da na'urar tsira in roka ta sami matsala. Sashen gaba ya zama rumbun kaya, na tsakiya ya zama tankunan mai, na baya ya ci gaba da zama wurin inji. Nauyinsa duka kamar tan 7, abin da yake kaiwa kamar kilo 2.300, kusan 1.000 daga ciki mai ne. Aka sa masa suna Progress, wato ci gaba.

Progress 1 ya tashi daga Baikonur ran 20 ga Janairu 1978, ya maƙale a ƙofar baya ran 22 ga wata, Yuri Romanenko da Georgi Grechko suna ciki suna kallo. A farkon Fabrairu aka tura mai daga kumbon zuwa tankunan tasha, abin da ba a taɓa yi wa wata tasha ba. Da suka gama sauke kaya sai suka cika rumbun da shara, kumbon ya rabu da tasha ran 6 ga Fabrairu, bayan kwana 2 ya shiga iskar duniya ya ƙone a saman tekun Fasifik. Aiki huɗu ke nan kumbo ɗaya ya yi: ya kawo guzurin mutane, ya kawo man tasha, yana iya tura tasha sama da injinsa, ya kuma tafi da shara.

Amfanin wannan tsari ya bayyana nan da nan a yawan kwanakin da ake yi. Ga yadda suka riƙa hawa:

1978, Romanenko da Grechko, kwana 96 a Saliyut 6;
1979, Vladimir Lyakhov da Valeri Ryumin, kwana 175 a Saliyut 6;
1982, Anatoli Berezovoi da Valentin Lebedev, kwana 211 a Saliyut 7;
1984, Leonid Kizim, Vladimir Solovyov da Oleg Atkov, kwana 237 a Saliyut 7.

Jikin ɗan Adam bai sake ba tsakanin 1975 da 1984, kuma faɗin Saliyut 7 bai wuce na Saliyut 4 da wani abin a zo a gani ba. Abin da ya sake shi ne hanyar guzuri. Saliyut 6 kaɗai ta karɓi Progress 12, ta kuma rayu har watan Yuli 1982.

Kayan da ake kaiwa ba su tsaya ga abinci da mai ba. Akwai wasiƙun iyali da jaridu. A watan Maris 1979 Progress 5 ya kai akwatin talabijin, har mazauna tasha suka fara ganin fuskokin masu yi musu magana daga ƙasa. Progress 7 ya kai wata babbar eriya mai faɗin mita 10 don sauraron taurari. Ma'anar wannan ita ce, tasha ta tashi daga matsayin abin da aka gama ginawa tun a ƙasa, ta zama wurin da ake gyarawa ana ƙara masa kayan aiki yana sama.

Amma tsarin yana da iyaka, an kuwa gan ta a 1985. A watan Fabrairu na wannan shekara Saliyut 7 ta yi shiru, wutarta ta ɗauke, alhali babu kowa a ciki. Na'urar Igla tana buƙatar tasha ta amsa mata, tashar da ba ta da wuta kuwa ba ta amsawa, saboda haka babu kumbon kaya da zai iya zuwa. Sai da Vladimir Janibekov da Viktor Savinykh suka je a watan Yuni, suka haɗa Soyuz da tashar da hannu, suka iske ta a daskare, suka maido da wuta, sa'an nan Progress 24 ya iya kawo musu kayan gyara kafin ƙarshen watan. Kumbon kaya yana raya mutane, amma a wannan karo mutane ne suka buɗe masa hanya.

4. Mir da ƙarancin kuɗi (1986-2001)

Tashar Mir, wadda aka harba sashenta na farko a watan Fabrairu 1986, an gina ta ne tun asali a kan cewa guzuri zai riƙa zuwa ba yankewa. Ƙofa 6 gare ta. Vladimir Titov da Musa Manarov sun cika shekara guda a cikinta, daga Disamba 1987 zuwa Disamba 1988. Samfurin farko na Progress ya yi tafiya 43 tsakanin 1978 da 1990, kuma duka sun isa inda aka aike su. A watan Agusta 1989 aka fito da sabon samfuri, Progress M, mai allunan hasken rana da sabuwar na'urar haɗewa da ake kira Kurs.

A watan Disamba 1991 Tarayyar Sobiyet ta rushe, hanyar guzuri da ke hannun gomnati ɗaya ta rabu tsakanin ƙasashe 3. Filin Baikonur ya faɗa cikin Kazakistan, har Rasha ta sa hannu a 1994 kan biyan haya na dalar Amurka miliyon 115 a shekara. Masana'antar da ke ƙera Kurs kuwa tana Kiyef, babban birnin Yukren, sai ga Rasha tana sayen na'urar da kuɗin waje, alhali kowace tana ƙonewa tare da kumbon da aka sa mata. Sergei Krikalev, wanda ya hau a watan Mayu 1991, bai sauko ba sai Maris 1992, bayan kwana 311, domin an sake tsarin tafiye-tafiye. Duk da haka Progress bai daina zuwa ba.

Akwai wata na'ura ta biyu mai suna TORU, wadda ke ba mutumin da ke cikin tasha damar tuƙa Progress daga nesa, yana duban allon talabijin. An yi ta ne don ranar da Kurs ya ƙi aiki, kuma ta yi amfani a farkon Satumba 1994, sa'ad da Progress M-24 ya kasa haɗewa da kansa har sau biyu, Yuri Malenchenko ya shigo da shi da hannu. Daga baya sai hukumomi suka yi tunanin ko za a iya dogara ga TORU kaɗai, a huta da sayen Kurs. Gwajin farko, a watan Maris 1997, bai yi kyau ba: Progress M-33 ya wuce ta gefen tasha da ƙyar. Aka sake gwaji ran 25 ga Yuni 1997 da Progress M-34, an kashe radar da ke faɗin nisa da gudu. Vasili Tsibliyev yana riƙe da tuƙi, amma ya kasa rarrabe tashar da gizagizan da ke bayanta a allon. Kumbon ya zo da gudu, ya bugi allon hasken rana na sashen Spektr, ya huda jikinsa, iska ta fara fita. Aleksandr Lazutkin da Ba'amurke Michael Foale suka yanke wayoyin da suka ratsa ƙofar sashen, suka rufe shi. Rayuka sun tsira, amma tasha ta rasa kusan rabin wutarta. Garin neman gira aka kusa rasa ido.

A ganinmu, wanda ya tsaya a kan hannun matuƙi ko a kan allon talabijin bai kai ga tushen wannan haɗari ba. Tushensa yana ga farashin na'urar da wata ƙasa ke ƙerawa wata ke saye, da baitulmalin da ya bushe. Abin lura kuma, gyaran ma ta hanyar Progress ya zo: M-35 ya iso a farkon Yuli da sabon murfin ƙofa mai mahaɗan waya, wanda Anatoli Solovyov da Pavel Vinogradov suka yi aiki da shi a watan Agusta suka maido da wani kaso na wutar.

Mir, wadda aka yi don shekara 5, ta kai 15. Da Rasha ta kasa ɗaukar nauyin tasha biyu a lokaci guda, sai aka aika Progress M1-5 a watan Janairu 2001, an cika shi da mai. Ran 23 ga Maris 2001 ya kunna injinsa sau 3, ya rage wa Mir gudu, ya kai ta kudancin tekun Fasifik inda babu mutane. Idan muka kwatanta da faɗuwar Skylab, wadda babu mai iya zaɓa mata wuri, za mu ga aiki na biyar da kumbon kaya ya ƙaru da shi, wato kai tasha makwancinta.

5. Daga hanya ɗaya zuwa hanyoyi da yawa (2000-2015)

Tashar Ƙasa da Ƙasa, wadda gomnatoci 15 suka sa hannu a kan yarjejeniyarta a watan Janairu 1998, ta karɓi Progress na farko a watan Agusta 2000, mazaunanta na farko kuma suka shiga ran 2 ga Nuwamba 2000. Bisa tsarin da aka yi, Shuttle ne zai ɗauki manyan kaya, har da ruwa mai yawa da na'urorin wutarsa ke samarwa. Ran 1 ga Fabrairu 2003 Columbia ya tarwatse a hanyar dawowa, mutum 7 suka rasu, aka dakatar da sauran kumbunan. Kashegari Progress M-47 ya tashi daga Baikonur kamar yadda aka tsara tun da farko. Daga nan har watan Yuli 2005 babu abin da ke kai kaya tasha sai Progress.

Da yake abin da Progress ke ɗauka bai isa mutum 3 ba, musamman ruwa, aka rage mazauna tasha zuwa 2 tun daga 2003, ba su koma 3 ba sai Yuli 2006. A watan Disamba 2004 abinci ya yi ƙaranci, har aka umarci Leroy Chiao da Salijan Sharipov su rage ci, aka kuma shirya cewa in kumbon da ke tafe bai iso ba, za su bar tasha su sauko. Progress M-51 ya iso ran 25 ga Disamba. Tashar da aka kashe wa dubban miliyoyin dalar Amurka, ci gaban zama a cikinta ya rataya a kan tafiya ɗaya ta kumbon da aka zana tun shekarun 1970.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Hukumar sararin samaniya ta Turai ta ƙera kumbon ATV, mai nauyin kamar tan 20, wanda ke kai fiye da ninki biyu na kayan Progress, ya kuma iya tura mai da ɗaga tasha. Na farko, mai suna Jules Verne, ya tashi daga Kuru a Giyana ta Faransa ran 9 ga Maris 2008, ana bi da shi daga Tuluz. Guda 5 aka yi, na ƙarshe ya ƙone a watan Fabrairu 2015. Japan ta kawo HTV, wanda ya yi tafiya 9 tsakanin 2009 da 2020. Shi ba ya maƙalewa da kansa: yana zuwa kusa ya tsaya, a miƙa hannun ƙarfe na Kanada a kamo shi. Turai da Japan da waɗannan kumbuna suke biyan rabonsu na kuɗin tafiyar da tasha, wato kai guzuri ya zama hanyar biyan bashi tsakanin abokan tarayya.

Amurka kuwa, da ta yanke shawarar ajiye Shuttle, sai ta ba da aikin kwangila. A watan Disamba 2008 NASA ta sa hannu da kamfanin SpaceX kan tafiya 12 a dalar Amurka miliyar 1,6, da kamfanin Orbital Sciences kan tafiya 8 a miliyar 1,9. Shuttle ya yi tafiyarsa ta ƙarshe a watan Yuli 2011. Wata guda bayan haka, ran 24 ga Agusta, Progress M-12M ya faɗo a yankin Altai, karo na farko ke nan da aka rasa Progress a hanya cikin shekara 33. Da yake rokar da ta gaza ƴar'uwar wadda ke ɗaukar mutane ce, aka dakatar da tafiyar mutane har watan Nuwamba, aka ma fara shawarar yadda za a bar tasha babu kowa. Kumbon Dragon na SpaceX ya isa tasha ran 25 ga Mayu 2012, kuma ya bambanta da sauran domin yana da garkuwar zafi, yana dawowa da kaya ƙasa. Cygnus na Orbital ya biyo a watan Satumba 2013.

An ga amfanin yawan hanyoyi a cikin wata 8 na 2014 da 2015. Ran 28 ga Oktoba 2014 rokar da ke ɗauke da Cygnus ta fashe daƙiƙoƙi kaɗan bayan tashi. Ran 28 ga Afrilu 2015 Progress M-27M ya kai sama amma ya riƙa juyawa ba a iya sarrafa shi, ya ƙone a watan Mayu. Ran 28 ga Yuni 2015 rokar da ke ɗauke da Dragon ta tarwatse. Kumbuna 3 ke nan daga masu ƙira 3, amma ba a kwashe kowa daga tasha ba, domin akwai ajiyar watanni a ciki, wani Progress ya iso a farkon Yuli, HTV na Japan ya biyo a watan Agusta. Abin da jinkirin kumbo ɗaya ya kusa jawowa a 2004, asarar 3 ba ta jawo shi ba a 2015.

6. Ruwa, mai da siyasa (2015-2024)

Ana kuma rage nauyin guzuri ta wata fuska, wato sake amfani da abin da aka riga aka kai. Tun zamanin Mir ake tattara ruwan da ke cikin numfashi da gumi, ana kuma raba ruwa a sami oksijin. A 2008 aka kai na'urar da ke tace fitsari ya koma ruwan sha, a 2023 kuma NASA ta ba da sanarwar cewa ta kai ga maido da kashi 98 cikin 100 na ruwan sashenta. Abinci da mai kuwa ba su da wannan dabara, sai an kai.

Mai shi ne inda siyasa ta fi shiga. Bayan ƙarewar ATV a 2015, Progress kaɗai ya rage mai iya zuba mai a tankunan tasha, kuma injunan da ke ɗaga ta suna ɓangaren Rasha, alhali mafi yawan wutar lantarki daga ɓangaren Amurka take fitowa. Da yaƙin Yukren ya ɓarke a watan Fabrairu 2022, shugaban hukumar sararin samaniya ta Rasha na lokacin, Dmitri Rogozin, ya yi gargaɗin cewa takunkumi na iya kai ga faɗowar tasha ba tare da an sarrafa ta ba. Aikin haɗin gwiwa bai tsaya ba, amma Amurka ta gaggauta neman mafita: a watan Yuni 2022 Cygnus ya ɗaga tashar da injinsa, a watan Nuwamba 2024 Dragon ma ya gwada. A watan Yuni 2024 NASA ta ba SpaceX kwangilar da za ta iya kai dalar Amurka miliyon 843 don ƙera kumbon da zai sauko da tashar bayan 2030, kuma daga Dragon na kaya za a samo shi.

Sin, wadda ba ta cikin wannan tarayya, ta bi matakan da Sobiyet ta bi. Kafin ta harba babbar tasharta, sai da ta gwada kumbon kaya: a watan Afrilu 2017 Tianzhou 1 ya haɗe da ƙaramar tashar Tiangong 2 ya zuba mata mai. Da aka harba sashen farko na babbar tashar a watan Afrilu 2021, kumbon kaya ne ya fara isa a watan Mayu, mutane suka biyo a watan Yuni.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata muna iya fitar da abubuwa 3. Na farko, rabuwar zamani a tarihin tashoshin sama tana ga watan Janairu 1978: kafin nan ana zuwa ne a ci abin da aka tarar a koma, bayan nan ana zama. Na biyu, lokutan da zaman ya fi shiga haɗari, wato 1997, da 2004, da 2011, duka lokuta ne da hanyar guzuri ta ƙuntata, ko don rashin kuɗi, ko don an dogara ga kumbo iri ɗaya. Na uku, wanda ke riƙe da man tasha yana da ta cewa a kan makomarta, ko da ba shi ya fi zuba kuɗi a gininta ba.

Duk wannan tarihi ya faru ne a nisan kilomita 400, inda Progress ke isa cikin kwana 2, ko ma cikin ƙasa da awa 4 kamar yadda ya fara yi a watan Yuli 2018, inda kuma mutane ke iya saukowa cikin ƴan awoyi in guzuri ya yanke. Tafiya zuwa duniyar Maris tana cin wata 6 zuwa 9, kuma damar tashi ba ta samuwa sai bayan kowane wata 26. Mai nazarin shirye-shiryen zama a wata ko a Maris, tambayar da ya kamata ya fara yi ita ce wadda Skylab ta rasa amsarta a 1979: wa zai kai guzuri, sau nawa, kuma wa zai ci gaba da biya bayan an gama bikin harbawa.